Zafin Jalingo, Kwamfutocinmu da Ɗan Tayil Mai Yin Ƙanƙara



Duk wanda ya taɓa yin bazara a Jalingo ba ya buƙatar a ba shi labarin zafi. Daga ƙarshen Fabrairu har zuwa saukar ruwan farko, rana kan yi kamar an sauko da ita an ɗora a kan kwanon ɗaki, ma'aunin zafi ya doshi digiri 40, iskar fanka ma ta koma kamar hucin murhu. Mu da abincinmu ke cikin kwamfuta, wato masu shagunan buga takardu da fotokwafi, masu yi wa ɗalibai rajista, masu haɗa bidiyon biki, masu gyaran waya da laftof, da ɗaliban da ke fama da furojet a kewayen Jami'ar Jihar Taraba, zafin nan sau biyu yake cin mu. Ya ci jikinmu, ya kuma ci na'urar da muke neman tuwo da ita.

Daga Mile Six zuwa Mayo Gwoi, daga Sabon Gari zuwa Magami, kukan ɗaya ne. Da safe kwamfuta lafiya lau take gudu. Da an yi azahar sai fankarta ta fara ƙugi, aikin minti biyu ya koma na minti goma, wani lokaci ta mutu ɗif ana tsakiyar cike wa yaro fom, mahaifinsa na tsaye yana kallo. Shi ya sa da bidiyon wani ɗan farin tayil ya fara yawo a wayoyinmu, wanda ake jona wa batir nan take fuskarsa ta yi fari fat da ƙanƙara, da yawanmu muka ce to ga magani ya zo. Tambayar ta yi ta maimaituwa a majalisunmu: me zai hana mu manna wannan abu a kan furosesa mu huta? Mun ga ya dace mu baje abin da muka sani a nan, kafin wani ya zuba ɗan jarinsa.

Mu fara da asalin ciwon. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan ƙaramin abu ne, amma kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Na kwamfutar tebur irin wadda ta fi yawa a shagunanmu yakan fitar da zafin da ya kai wat 65 idan aiki ya yi nauyi. Wannan zafi dole ya fita. Shi ya sa ake ɗora masa ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari, a shafa wani farin mai a tsakaninsu don su haɗu sosai, fanka kuma ta riƙa hura iska tana kwashewa. Idan zafin ya doshi digiri 100, furosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, idan abin ya faskara ya kashe kansa. Nauyin da muke gani da rana ke nan. Na'urar tana ceton ranta ne.

Abin lura shi ne, fanka ba ta iya sanyaya komai ƙasa da iskar da take ja. A matsayin misali, a ce kwamfuta tana hawa digiri 50 sama da zafin ɗakin da take ciki. A ofis mai esi da ke kan digiri 22, za ta tsaya a 72, lafiya lau. Ɗauko ta ka kawo shagon kwano marar silin a watan Afrilu, inda cikin ɗaki ya kai 40 ko ya wuce, sai ka gan ta a 90, bakin rami. Kwamfutar da za ta yi aiki shiru a Gembu, can kan tsaunin Mambilla inda ake kwana da bargo, ita ce za ta riƙa haki a Jalingo, alhali jiha ɗaya muke. Manyan kamfanoni ma sun san wannan lissafi. Facebook ɗin nan da muke karatu a kansa, a shekarar 2013 ya buɗe wata babbar ma'ajiyar kwamfutocinsa a garin Lulea da ke arewacin Suwidin, kuma sanyin wurin na cikin manyan dalilan.

To shi wannan tayil fa, mene ne shi? Sunansa Peltier, sunan wani Bafaranshe ne, Jean Charles Peltier, wanda ya fara rayuwa a matsayin mai ƙera agogo. A shekarar 1834 ya lura cewa idan wuta ta ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, mahaɗar kan yi sanyi ko ta yi zafi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Kafin shi, a 1821, Bajamushe Thomas Seebeck ya ga kishiyar haka: ka ɗumama gefe ɗaya ka bar ɗayan da sanyi, sai wuta ta samu. A 1838 Emil Lenz a Rasha ya ɗiga ruwa a kan irin wannan mahaɗa ya daskarar da shi, ya juya wayoyin, ƙanƙarar ta narke. Abin ya zauna a ɗakin gwaji fiye da shekara ɗari, sai a shekarun 1950 da masana irin su Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyet da Julian Goldsmid a Ingila suka nuna cewa wasu sinadarai, musamman haɗin bismut da teluriyam, sun fi ƙarafa iya wannan aiki nesa ba kusa ba.

Wanda aka fi sayarwa yau shi ne mai lamba TEC1-12706. Faɗinsa santimita 4, tsawonsa santimita 4, da waya ja da baƙa. A tsakanin fale-falen tangaran guda biyu an jera ƙananan ƙwayoyi tagwaye 127. Ba shi da gas, ba shi da kwamfireso, babu abin da ke motsi a cikinsa, ba ya ƙara. Ka ba shi bolt 12, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Masu bidiyo fuskar sanyin suke haska mana. Ɗaya fuskar kuwa, nan ne labarin yake.

Akwai wani matashi a cikinmu, mai haɗa bidiyon bukukuwa, yaro mai ƙwazo da son gwaje-gwaje. Ya yi odar tayil ɗin ta intanet, ya cusa shi tsakanin furosesa da ƙarfen alminiyam, ya kira mu mu sheda. Da aka kunna kwamfutar tana zaune ba aiki, ma'aunin ya nuna ta fi ɗakin sanyi. Muka yi ta kabbara. Sai ya ɗora mata bidiyon wani ɗaurin aure ta fara sarrafawa. Cikin 'yan mintuna lambar ta fara hawa, ta wuce inda ta saba tsayawa, ƙarfen ya yi zafin da ba a iya taɓawa, kwamfutar ta ɗauke.

Wani dattijo mai gyaran firji da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo, ya juya tayil ɗin a hannunsa, ya ce, “Ɗana, zafin da ka kwaso daga nan, ina ka kai shi?”

Yaron ya ce, “Baba, ai sanyi yake bayarwa.”

Dattijon ya yi dariya ya ce, “Shekara talatin ina gyaran firji, ban taɓa ganin na'urar da ke haifar sanyi ba. Je ka taɓa bayan firjin gidanku ka ji. Kwasa ake yi daga ciki a zubar a waje. Kai kuwa ka kwasa ka zubar a kan gadonka.”

Maganar Baba ita ce dukkan ilimin. Zafi ba ya ɓacewa, matsar da shi ake yi, kuma ɗan dakon da ya matsar da shi sai an biya shi. Tayil ɗin Peltier ɗan dako ne mai tsada. Shi kansa yana shan wajen wat 60, wannan wutar ma zafi take komawa, ta taru a fuskar baya. Furosesa ya fitar da 65, tayil ya ƙara nasa 60, ƙarfen da aka ƙera don ɗaukar 65 ya wayi gari da 125 a kansa. Ga kuma wata matsalar: iyakar abin da wannan tayil zai iya kwashewa bai wuce wajen wat 60 ba, shi ma sai idan fuskokinsa biyu suna kan zafi ɗaya. Duk lokacin da tazarar ta ƙaru, ƙarfinsa raguwa yake. Tazarar nan ta kusan digiri 65 da ake tallatawa, sai idan babu kayan da aka ɗora masa ake samun ta, irin yadda ake yi a bidiyo. Idan furosesa ya fi ƙarfinsa, ko wayarsa ta tsinke, ya zama bargo da aka lulluɓa wa mai zazzaɓi.

Yanzu mu kawo lissafin cikin aljihunmu. Firji ko esi mai kwamfireso, da wat ɗaya na wuta yakan kwashe wat biyu zuwa uku na zafi. Tayil idan yana aiki mai nauyi ko ɗaya ba ya cikawa. Tayil guda yana shan kusan abin da fankar sama take sha. Mai shago da kwamfuta goma, idan ya manna wa kowacce ɗaya, ya ƙara wa kansa wat 600. Wannan faifan sola biyu ne masu wat 300, ban da batir, ban da ƙarin nauyi a kan inbata. A awa takwas na aiki kusan yunit biyar ne a kullum. Mai ƙaramin janareta kuwa, wannan kaɗai ya kusa cika masa injin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take a zuciyarsa. Kuma duk wat 600 ɗin nan a cikin shagon zai ƙare, ya ƙara wa ɗakin zafi, kwamfutocin su sake shaƙar iskar da ta fi ta da zafi. An gudu ba a tsira ba.

A ce mutum yana da hali, ya sayi manyan tayil da katon abin sanyayawa mai ruwa, ya ci nasarar sauke furosesa ƙasa da zafin ɗaki. Damina tana jiransa. Mu tuna yadda ledar fiya wata mai sanyi ke yin gumi a watan Agusta, har ta jiƙa tebur. Ruwan da ke cikin iska ne yake sauka a kan duk abin da ya yi sanyi sosai. Jalingo tana cikin kwarin Binuwai, daminarmu mai laima ce. Wannan raɓa idan ta sauka a kan allon kwamfuta mai ɗauke da wuta, sai tsatsa, sai gajeriyar hanya, sai asara. Garin gyaran gira a rasa ido.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya ba wahala. A shekarar 2020 kamfanin Intel da kansa ya fito da tsarin sanyaya furosesa da irin wannan tayil, tare da kamfanonin Cooler Master da EK. Sai da suka haɗa shi da na'urar auna laimar iska da manhajar da ke rage sanyin kafin raɓa ta sauka, sannan suka ɗora masa babban lagireto mai ruwa don kwashe zafin baya. Duk da haka bai zama kayan kowa ba, a 2023 Intel ya daina tallafa wa tsarin. Idan masu ƙera furosesan sun gwada sun ajiye, mu da ke lissafin litar mai ya kamata mu yi tunani sau biyu.

Wannan ba ya nufin tayil ɗin banza ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Inda zafin da za a kwashe kaɗan ne, ko ake son a riƙe abu a kan ma'auni ɗaya daidai ba tare da ƙara ko girgiza ba, babu kamarsa. Yana cikin na'urorin gwajin PCR da aka yi ta ambata lokacin korona, domin juya wayoyinsa kawai ake yi ya ɗumama, a sake juyawa ya sanyaya. Yana cikin ƙananan fitilun leza da ke tura saƙo ta wayar gilashi ta intanet, yana cikin kyamarorin masu nazarin taurari. Kusa da mu, shi ne a cikin ƙananan kulolin mota da wasu injinan ruwan sha na ofis marasa kwamfireso, kuma duk wanda ya yi amfani da su a bazara ya san sanyinsu ba ya kai na firji. Kishiyarsa, wato abin da Seebeck ya gano, shi ke ba kumbunan Voyager wuta tun da aka harba su a 1977.

Waya ma tana cikin inda yake iya taimakawa, tun da zafin da take fitarwa 'yan wat kaɗan ne. Abin sanyaya wayar nan da ake maƙalawa a baya, mai ɗan fanka, da yawansu Peltier ne a ciki, kuma suna sauke zafi da gaske. Sai dai a ba shi wutarsa daban, kada ya sha daga batirin wayar, a cire rigar wayar, a kuma riƙa duba gumi a lokacin damina. Masu POS da masu Keke da wayarsu ke yini a rana su sani cewa inuwa ta fi shi araha. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayoyinsa ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma caji cikin zafi yana rage wa batir kwana. Sannan don Allah a daina jefa waya mai zafi cikin firji. Raɓar da muka ambata a cikin wayar za ta sauka.

Mu Hausawa ba baƙin ilimin sanyi ba ne. Randar da ke kusurwar tsakar gidan iyayenmu tana sanyaya ruwa ba da wat ko ɗaya ba: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, a kan wannan ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyukan da ba lantarki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba muna cewa a sa kwamfuta a randa ba ne, ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Abin koyi a wurinsa shi ne ya dubi yanayin garinsu da aljihun mutanensa kafin ya zaɓi dabara. Ita kanta tukunyar tasa ta fi aiki a busasshiyar iskar rani fiye da laimar damina. Kowace dabara da ƙasarta.

To mene ne ya dace da ƙasarmu? Abubuwan da muka ga suna aiki a shagunanmu ba su da ban mamaki, shi ya sa ake raina su.

Na farko ƙura. Hunturu yana cika haƙarƙarin alminiyam da ƙura har ta zama kamar auduga, bazara kuma ta zo ta tarar da hanyar iska a toshe. Duk ƙarshen hunturu a buɗe kwamfuta a hure ta da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Na biyu farin man nan da ke tsakanin furosesa da ƙarfe. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso mu, man ya bushe ya zama kamar alli. A goge shi a sa sabo ɗan kaɗan. Kuɗinsa bai kai na tayil da kayan haɗinsa ba, kuma sau da yawa a nan ciwon yake ƙarewa. Na uku mazauni. Laftof a kan katifa ko darduma ko cinya shaƙe ta ake yi, a ɗora ta a kan tebur a ɗaga bayanta kaɗan. Kwamfutar tebur kuma a janye ta daga jikin bango, a sauke takardun da aka jibga mata.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne ɗakin. A sa silin. A buɗe taga biyu masu kallon juna, ko a sa fankar da ke fitar da iska mai zafi ta sama. A yi rumfa a gefen da ranar yamma ke duka, a shafa wa kwano farin fenti, a dasa dogon yaro ko mangwaro a ƙofar shago. A fitar da inbata da batura daga inda kwamfutoci suke, a nisanta janareta. Duk digirin da aka rage wa ɗaki an rage wa kowace na'ura da ke ciki, an kuma rage wa mai shago da kwastomansa. Aiki mai nauyi irin sarrafa bidiyo a bar shi zuwa dare ko bayan asuba. Wanda kuma ya tashi sayen sabuwa, ya tambayi wat nawa take sha kafin ya tambayi kyanta.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne, maganar ta wuce ta kayan shago. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake rubuta ta, kuma galibi tana faɗowa ne a tsakiyar zafin nan. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da yawa a waɗannan ƙananan shaguna suke fara taɓa madannai, a nan suke atisaye, a nan ake yi musu rajistar makaranta da neman aiki. Kwamfuta ɗaya da ta ƙone a shagon matashi jarin shekara ne ya tafi, kuma yara da yawa ne suka rasa wurin koyo. Rigakafi ya fi magani.

Muna da shawara ga wannan ƙungiya tamu. Kafin bazara ta kama, a ware Asabar ɗaya, masu gyara daga cikinmu su zo da bulowa da sukundireba da man furosesa, duk mai kwamfuta ya kawo tasa a share masa, matasa su tsaya su koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu masu gidajen haya da shaguna kuma, a taimaka a riƙa sa silin da tagogi, ko a yarda ɗan haya ya sa a cire masa a kuɗin haya.

Matasanmu masu son gwaji kuwa, kada wannan rubutu ya kashe muku gwiwa. Ku sayi tayil ɗin idan kuna da hali, ku haɗa ƙaramar kula da shi, ku auna wutar da yake sha da zafin fuskokinsa biyu, ku rubuta abin da kuka gani a bazara da abin da kuka gani a damina, ku kawo mana nan mu ƙaru. A kan tsohuwar kwamfutar da ba a damu da ita ba za a yi gwajin, a bar wadda ake ciyar da gida da ita. Wanda ya fahimci inda zafi ke tafiya ya kama hanyar gyaran firji da esi da haɗa sola, sana'o'in da garin nan ke nema ruwa a jallo.

Wanda ya taɓa gwada wannan tayil, ko yake da wata dabarar da ta yi masa aiki a shagonsa, ya faɗa mana. Allah ya sanyaya mana bazarar bana, ya kawo damina mai albarka, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa. Amin.